Gishirin Gonar Fatu

Fatu ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada, ta zauna a kan jakarta, idonta na kan titi. Shekara da shekaru tana sayar da waina a lungunan unguwar Hindawiyya ta Jidda, in ta hango motar askar, wato 'yan sandan ƙasar, sai ta bar tanda a wuta ta ruga. Yau kuwa, Allah mai iko, motar take jira. Wanda ya zo umara ya maƙale ba iƙama, wato takardar izinin zama, in gida ya kira shi, nan yake zuwa ya zauna har a kama shi a mayar da shi ƙasarsu. Amma fa in aka ɗauki hoton yatsunsa, shi da Jidda sai a mafarki.

'Yarta Munira na tsaye a kanta, ciki ya tsufa, sai gyara abaya take yi. Ita haifaffiyar nan ce, takardun mijinta sun rufe ta, Hausarta kuma duk Larabci ya cinye gefenta.

"Umma, halas, tashi mu tafi. Gona! Gonar da ko ciyawa ba ta fitarwa?"

"Da bakinki kike faɗa? Tattasan gonar nan ne ya kawo ni Makka."

"Tayyib, in na haihu wa zai yi mini wankan jego? Matar kafili, Balaraben da mijina ke yi wa aiki?"

Fatu ta kau da kai. Gonar gadon mahaifinta ce, a bakin kogin garinsu. Tun da ruwa ya ja baya ya koma zartsi, ƙasa ta fara yin fari fat kamar an barbaɗa gari. To, bana gwamnati ta saki kuɗi a haƙa magudana a wanke gishirin. Ƙaninta Muntaka ya ce ma'aikata sun rantse sai gonar da mai ita ya tsaya a ciki da ƙafarsa za su haƙa wa. Gonar da mai ita ba ya nan kuwa, ta cikinta za a bi da ruwan gishirin kowa.

Wani Bachade da ke gefe ya miƙe yana kaɗe riga. "Ga su nan!"

Mutane suka zabura, kowa na jan kayansa. Farar mota mai tagogin raga ta tsaya, askar biyu suka sauko. Saura kaɗan Fatu ta ruga, don jikin da ya saba da gudu bai san yau ba gudu za a yi ba. Tana shiga layin mata wayarta ta yi ƙara. Muntaka ne.

"Yaya, kina ina? Kada ki shiga!"

"Me ya faru kuma?"

"Aiki ya tsaya. Masu kula da kogi sun ce kuɗin nasu ne, masu aikin gona sun ce injinan nasu ne. Jiya har zagi a gaban hakimi. An ce sai an zauna, wataƙila bayan damina."

Munira, wadda ta manna kunne, ta riƙo hannun uwar. "Alhamdu lillah! Kin ji? Yalla, Umma, fito!"

Saura mace ɗaya a gabanta. Askar ya buga jikin motar da tafin hannu. "Yalla ya hajja!"

"Muntaka," in ji Fatu, "gishirin fa? Shi ma ya tsaya jiran zaman nasu?"



"A'a, Yaya. Ya wuce gindin kurna. Ya kusa rijiyar Baba."

Fatu ta dubi cikin Munira, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta zare hannun yarinyar daga nata, yatsa bayan yatsa.

"Ki kira Ikilima maƙwabciyata, ta iya wankan jego. Ki ce kada ta yi ƙyashin itace."

Ta ɗora jakar a ka, ta yi bisimilla, ta taka matakalar motar.