Wa Zai Karɓi Barau?

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai an aiko kirana daga wani gari inda tituna ke tafiya, motoci kuma suna tsaye. Ni dai dillalin shanu ne, a kara na tsufa. Aka ce ai shi ya sa: zaman sulhu tsakanin hukuma da ma'aikatan motar asibiti ya cije, ana neman wanda ya saba haɗa ciniki.

Sai ga ni a ofis. Daraktan hukumar wani jan bijimi ne, tabarau rataye a ƙaho. Ya miƙa kofatonsa a kan tebur, har gizo-gizo ya yi saƙa a jiki.

Ya ce, "Malam dillali, kai ne shaida. Tun bara na miƙa hannu, su suka ƙi karɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in ji ta bakinsu."

Sai ga ni gindin wani mangwaro da wayoyi suka nuna a kansa. Duk wadda ta yi ƙara sai ta faɗo, wata mata mai suna Lantana ta cafe. Ita ke amsa kiran masu neman agaji, ta tura musu mota. Waya a kowane hannu, wata maƙale a kafaɗa.

"Baba, ka yafe ni, babu halin gaisuwa. Halo? Kwantar da ita ta gefe, ga mota nan. Baba, je ka wurin Barau, shi ne shugabanmu."

Na tarar da Barau durƙushe cikin motar asibiti, ya danne cinyar wani mutum da hannu biyu kar jini ya ƙwace. Titi na ta gudu a ƙarƙashinsu, asibitin bai iso ba tukuna.

Na ce, "Ɗana, me kuke nema?"

"Mai canji, Baba. A ƙaro mutane, in wani ya gaji wani ya karɓa. Rabona da gida tun matata na da ciki. An ce cikin har ya fara gemu."

"To ai Darakta ya ce ya yarda. Hannu kawai za ka ba shi a sallama."

"Da wane hannun?"

Mai cinyar ya buɗe ido ya ce, "Don Allah in musabaha za ku yi, ku yi ta nesa da ƙafata."

Na koma na zura wa Darakta igiya, na jawo shi har da kujerarsa. Bai yi gardama ba, shanu sun san ni. A hanya ruwa ya tsuge daga ƙasa zuwa sama, muka taka lema muka wuce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, danne nan, hannun Barau ya samu sarari."

Ya danne da kofatai biyu. Barau ya miƙo hannu, amma yanzu Darakta ne ba shi da na bayarwa. Suka musanya. Suka sake musanyawa. A karo na gaba kunnuwan Darakta suka kwanta.

Ya ce, "Haka abin nan yake bugawa kullum?"

Barau ya ce, "Kullum, yallaɓai."

Duk tsawon rayuwata hannuna a saman na mutane yake, in haɗa mai saye da mai sayarwa in koma gefe. Na naɗe hannun riga, na durƙusa, na danne. Ɗumi, da wani abu yana motsi kamar ɗan tsako a tafin hannu.

Hannu da kofato suka haɗu. Darakta ya ce, "Na sallama." Na ce Allah ya sa albarka, daga nan inda nake durƙushe. Barau ya miƙe, barci ya kwashe shi a tsaye, titi ya ɗauke shi ya yi gida da shi. Darakta ya tafi nemo mutane, yana jan igiyarsa da kansa.

Aka bar ni da mai cinya. Muryar Lantana ta fito ta rediyon motar: "Baba, kar ka saki. Mai canji na hanya."

Na ce, "'Yata, haka kike ce wa Barau?"

"Haka nake ce wa kowa, Baba. Amma yau da gaske nake."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni. Na ga na danne matashin kai da hannu biyu, yatsuna duk sun sandare. Maiɗakina Kande ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Zo ki dafa nan."

Ta dube ni, ta dubi matashin. Sai da ta dafa sannan na tashi alwala.