Shatin Yatsan Gazali

Mutanen Tambuwal sun san murjani a wuyan amare, amma ba su san yana da rai ba sai da Gazali ya dawo daga Bur Sudan, inda ya yi karatun halittun teku. Ya zo da ɗan reshen murjani guda a cikin kwalba, ya kafa tankin gilashi a ɗakinsa, ya haɗa masa sola da fanka, yana dama gishirin teku kamar mai dama fura. Aka yi ta yi masa tsiya, wai garin da ake layi a bakin rijiya shi ya jawo musu teku. Ko a jikinsa. Ya kafa reshen a kan dutse da danƙo, ya danna da babban yatsa, shatin yatsan ya bushe a wurin. A kwana a tashi reshen ya zama ƙaramar bishiya mai shuɗin baki.

Matarsa Mas'uda malamar kimiyya ce, kuma ita ya koya wa aikin. Abin da ya fi nanata mata har ta gaji da ji shi ne, baƙon murjani ba ya shiga tanki kai tsaye. A ware shi a wani mazubi, a wanke shi da magani, a yi makonni ana dubawa.

Gazali ya rasu da damina. Mas'uda ta shiga takaba, tankin ya zama abokin zamanta. Kullum da safe sai ta leƙa gindin murjanin ta ga shatin nan, sannan take iya karya kumallo.

Ana nan sai ga wan mijin, Rufa'i, daga Kebbe. Fataucin shanu yake yi zuwa Legas, kuma can ya ga shagon da ake sayar da irin abin ƙaninsa. Ya rungumo reshe guda a ledar ruwa, a gaban babbar mota, bai yarda kowa ya taɓa ba har gida.

"Na ga irin abin Gazali can Ikko," in ji shi, "sai nic ce in kawo mishi ɗan'uwa. Sa shi kusa da nashi in gani."

Mas'uda ta san abin da ya kamata. Amma da wane baki za ta ce wa wan mijinta, mutumin da ko sunansa ba ta faɗa, kyautarsa sai an tsare ta a bokiti kamar mai cuta? Ga shi tsaye a bakin ƙofa, idonsa ja. Ta sunkuyar da kai, ta yi godiya, ta sa. Kunya abu ne mai kyau, amma tsutsa ba ta san ta ba.

Ba a jima ba fararen ɗigo suka fara fitowa a ƙasan rassan, kamar an ciccije. Ta duba har idonta ya yi ruwa, ba ta ga komai ba. Sai da ta zuƙo ruwa a sirinji ta fesa wa reshe, wasu 'yan abubuwa suka faɗo. Ta sa ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma na Gazali: tsutsa ce shimfiɗaɗɗiya, 'yar'uwar wadda ke cin hantar shanu, ta ci naman murjanin har ta ɗauki launinsa. Kyautar Rufa'i ce ta fara mutuwa.

Duk mako takan ciro murjanin Gazali, ta tsoma a ruwan magani, ta kaɗa, tsutsotsin su zube. Mako ya zagayo, wasu su fito. Da ta bi diddigi sai ta gano ƙwai, tsibi-tsibi, manne a gindi, a cikin tsagin danƙon da tsinke ba ya kaiwa. Magani ba ya kashe ƙwan. Hanya ɗaya ta rage, a datse rassan sama masu lafiya a dasa su a wani ruwa, a fitar da gindin ya bushe a rana. Ta ɗauki filaya ta ajiye ya fi a ƙirga. Tana jin tsoro, tana kuma jin haushin kanta, farin kuwa yana ta hawa.

Ranar kasuwa Rufa'i ya biyo gaisuwa. Ya leƙa tankin, ya daɗe yana kallo.

"Ina nawa?"

"Ya mutu, Yaya."

"Shi kuma wanga mi as same shi?"

Ta so ta ce zafi ne. Sai ta dubi rassan da suka rage, ta faɗa masa gaskiya, da tsutsar, da ƙwan, da inda suka fito, da abin da ya rage a yi. Har ta gama ba ta ɗago kai ba.

Rufa'i bai ce don me ba ta hana shi ba. Ya san dalili, kunya ce, a gidan da ya tashi aka koya mata. Ya naɗe hannun riga.

"Gwada mini inda za a yanke."

Ta ciro murjanin cikin kwano, tana nunawa yana datsewa, tana karɓar kowane reshe tana sawa a sabon ruwa. Da aka gama, gindin kaɗai ya rage a tafin hannunsa, yana ɗiga. Ya juya shi, ya ga shatin. Ya ɗora babban yatsansa a kai a hankali.

Mas'uda ta miƙa hannu. "Kawo in fitar, Yaya."

"Bari," in ji shi. "Ni nis sa Gazali kabari. Wanga ma ni ka kai shi."

Ya fita tsakar gida da shi cikin rana. Ita kuwa ta tsaya a kan rassan, tana gyara musu zama don kada su jingina da juna.