Layin Shu'aibu

Hantsi ya ɗaga, ƙasa da sauran danshin ruwan jiya, rana kuma ta fara cizo. Maza tara suka jeru a gonar Baba Alhassan da ke bayan tafkin Madarunfa, kowa da hauyarsa. Gayya ce ta noman fari.

Hamza ya zagayo da butar kafe, wato gahawa. Kowa ya san abin da ya narka a ciki.

"Shu'aibu, miƙo kofi."

"Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi? Kai da kake haɗiye huɗu kafin ka ce bisimilla? Jama'a, mun yi ustazu!"

Aka bushe da dariya. Shu'aibu ya yi murmushi, ya tofa yawu a tafinsa, ya kama ƙota. Kwana hamsin da biyu rabonsa da tramol. Bara, a nan gonar, yana cikin maye ya share layi uku na gero tare da ciyawa, bai ma sani ba. Ran nan Baba Alhassan, ƙanen mahaifinsa, ya karɓe gonar gadon da ke hannunsa, ya ce ba zai bar ƙasar ɗan'uwansa ga wanda ba ya bambanta gero da ciyawa ba. Jiya ya aika masa: ya zo gayya, in ya ga layinsa zai san abin yi.

Aka fara. Masu kafe suka yi gaba kamar ana korarsu, suna waƙa, ba mai neman ruwa. Shu'aibu yana baya. Ƙugunsa ya riƙe, tafinsa ya yi bororo. Da can ba ya jin ko ɗaya, sai washegari ya kasa tashi salla. Yau duk yana ji. Ya kan tsaya ya kurɓi ruwa a bido, 'yar jarkarsa, ya duƙa ya rage shukar da ta yi cunkoso, ya tara a gefe.

Da azahar Ruƙayya, matar Baba, ta kawo fura. Hamza ko ludayi bai taɓa ba, ya ce cikinsa a cike yake. Babban ɗan yatsan ƙafarsa yana jini, hauya ta sare shi, bai lura ba. Ya matso kusa da Shu'aibu, ya danna masa ƙwaya guda a hannu.

"Ba don mugunta ba, aboki. Tsoho na kallo, kai ne a ƙarshe. Sha guda ka kamo mu. In gonar ta dawo, sai ka tuba."

Shu'aibu ya dubi sauran layukansa biyu, dogaye har bakin ƙayar shinge. Yawu ya taru a bakinsa. Ya riƙe ƙwayar har ta fara jiƙa da gumi. Sai ya sake ta ta faɗi, ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe.

"Ka yi asara," in ji Hamza.

"To."

Sai bayan la'asar ya kai ƙarshe. Sauran sun daɗe a gindin aduwa, wasu suna gyangyaɗi baki buɗe. Baba Alhassan ya tashi da sandarsa, yana bin layuka ɗaya bayan ɗaya. A na Hamza ya yi ta tsayawa yana tsaki, ga gero nan kwance, an sare shi daga tushe. Da ya shiga na Shu'aibu bai tsaya ba har ƙarshe. Ya juyo a hankali.

"Haka ubanka yake noma. Shi ma kullum shi ne na ƙarshe, muna yi masa tsiya." Ya share ido da bakin rawani. "Na shuka maka gonar taka tun ruwan fari. Gobe ka shiga, ciyawa ba ta jiran kowa."

Shu'aibu ya durƙusa. Ya ce, "Baba." Da ya miƙe, ciwon ƙugun yana nan, amma ya ji kamar ya ƙara tsawo.

Mutane suka fara watsewa. Ya koma ya kwashe shukar da ya tara, ya bi layin Hamza, duk inda hauya ta yi ɓarna ya tona da yatsa ya dasa, ya tsiyaya ragowar ruwan bidonsa. Yana gamawa Hamza ya farka, ya saɓa hauya, ya wuce ta kan layin yana ɗingishi, bai dubi ƙasa ba.