Ƙofar Banɗakin Baba

Ran Asabar da hantsi Auta ta baje kayan aikin da ta sayo a tsakar falo, tana ɓare ledojinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai hama, da cizal na sassaƙar katako, da ƙaramin zarto mai siririn baki, da filaya, da sukundireba, sai injin huda bango mai batir wanda ko nauyin kirki ba shi da shi.

Tun da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki bara ta dawo da shi wurinta, a hawa na uku na wani tsohon bene. Ya ji sauƙi sosai, yana tafiya da sanda, sai dai ƙafar hagu har yanzu jan ta yake yi. Likita ya ce a kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki. Kafintan da ta kira ya yi ta yi mata gobe jibi har ta gaji, shi ne jiya da ta taso daga kantin maganin da take aiki ta biya ta babban shagon nan na araha, inda ake jibge kaya a kwanduna, tukwane nan, takalma can, ta tsinto abin da ta ga zai yi mata.

Baba ya tsaya a kanta da tawul a kafaɗa. Tsohon direban babbar mota ne, ya san ƙarfe. Ya ɗauki hamar ya jinjina, ya ajiye. Ya ɗauki injin hudar, ya taɓe baki.

"Araha ba ta ado, Auta."

"Ai ba ado na je nema ba, Baba. Ka jira in kafa ƙarfen tukuna, sai ka yi wankan."

"Wankan da nake yi tun ba a haifi uwarki ba? Ki yi aikinki in na fito."

"To, kar dai ka sa sakata."

Ya juya abinsa. Tana jin ƙarar sandarsa a kan tayil, ƙofa ta rufu, sannan ta ji sakatar ta shige. Ta girgiza kai. Sun sha yin wannan rigimar, kullum amsarsa ɗaya ce, shi ba jariri ba ne da zai yi wanka ƙofa a sake.

Tana cikin karanta takardar injin ta ji bokiti ya kife, sai wani abu mai nauyi ya bugi ƙofar daga ciki. Daga nan shiru, ban da famfo da ke zuba.

"Baba?"

Ta murɗa hannun ƙofar, ta tura, ko gezau. Ta buga, ta sake kira. Ta kwanta rub da ciki ta leƙa ta ƙasan ƙofar. Abin da ta iya gani kawai farin gashinsa ne, manne da katakon, kusa da idonta har za ta iya taɓa shi da yatsa. Kan ba ya motsi.

Ba ta san lokacin da ta sauka daga bene ba. A ƙasa akwai shagon wani tela, mutum mai jiki da yawan barkwanci, wanda Baba kan sauka wurinsa hira da yamma. Yana ganin fuskarta ya tashi daga kan keke, ko takalmi bai tsaya nema ba. Suna hawa tana kiran motar asibiti a waya. Aka ce an turo, amma hanya a cunkushe take. Wayar kafinta kuwa a kashe.

Tela na isa ya ja da baya zai banke ƙofar da kafaɗa. Auta ta sha gabansa.

"Kar ka yi. Ciki take buɗewa, kuma kansa na jikinta. In ka banke ta, wuyansa za ka karya."

Ya tsaya yana haki. Suka dubi ƙasa tare. Ruwa ya fara fitowa ta ƙasan ƙofar, yana bin layin tayil zuwa falo, kuma ba fari tas ba ne, akwai ja-ja a cikinsa.

"Innalillahi," in ji Tela a hankali. "Me kike da shi a gidan nan?"

Ta kwaso kayan gaba ɗaya ta zube a gabansa. Ya fara da sukundireba, wai ya kwance hannun ƙofar ko zai samu kafar zura yatsa. Ƙusar farko ya murɗa, bakin sukundireban ya lanƙwashe kamar an tauna. Ya jefar da shi.

Auta ta dubi ƙofar da kyau. Allo biyu gare ta, na sama da na ƙasa, kuma na saman bai kai sauran jikin kauri ba. Ta ce su huda shi su yanke, ta nan za a shiga. Ta ɗora injin ta danna. Ya yi kuka, ya ci katakon, rami ya fito. Ta matsa gefe ta sake. Kafin ramukan su haɗu su ba zarto hanya, kukan injin ya fara ja, wani wari kamar na ƙonannar roba ya tashi, injin ya mutu a hannunta. Ta danna, ta girgiza shi, ta buga shi a cinyarta. Babu.

"Baba, kana ji na? Ga mu nan, yanzu za mu shigo."

Wani nishi ya fito daga ciki, gajere, kamar na mai barci. Ta kasa kunne ko zai sake. Bai sake ba.

Tela ya ɗauki hama da cizal. Bugun farko ƙofar duka ta girgiza, Auta ta ji kamar a ƙirjinta aka buga, don ta san kowane bugu yana sauka a kan tsohon. Ta kama hannun ƙofar da hannu biyu, ta taka bango da ƙafa, ta ja ƙofar wajenta iya ƙarfinta don kada ta motsa.

"Buga yanzu. A hankali."

Ya buga. Cizal ɗin ya shige tsakanin ramukan, katakon ya tsage. Ya sake, ya sake, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bakinsa na motsi da addu'a. Kafa ta buɗe daidai shigar zarto. Auta ta karɓa ta fara yanka. Ta yi zaton zai karye kamar sauran, amma haƙoransa suka kama, garin katako na zubo mata a fuska. Da hannunta ya sage Tela ya karɓa, da ya gaji ta karɓe. Ruwan kuwa ya riga ya jiƙa kafet, yana ratsa yatsun ƙafarsu da sanyi.

Saura kaɗan allon ya rabu ta riƙe hannun Tela.

"Tsaya. In ya faɗa ciki, a kansa zai sauka."

Ta cafke gefen allon da filaya, ta riƙe gam, shi kuma ya ƙarasa yankan. Suka janyo shi waje tare.

Ta leƙa. Baba na kwance a gefensa na hagu, tawul ɗinsa ya toshe magudanar ruwa, banɗakin ya zama kamar kwatami. Ruwan ya kai kumatunsa, yana taɓa gefen bakinsa. Tela ya zura hannu neman sakata, amma tana can ƙasa, hannunsa bai kai ba, jikinsa kuma ba zai shiga ramin ba.

Auta ta taka kujera ta zura kai da kafaɗa. Tsagin katakon ya kama rigarta, ya karce ta daga haƙarƙari har ƙugu, ba ta ma ji ba sai daga baya. Ta dafa bakin wurin wanke hannu ta sauka a hankali don kada ta taka shi. Ta tallafo kansa daga ruwan, ta fizge tawul ɗin daga magudana ta rufa masa a jiki, ta miƙa ƙafa ta ture famfon ya mutu. Sai a lokacin ta sa yatsu a wuyansa.

Ba ta ji komai ba. Ta kasa bambance bugun jininta da nasa. Ta matsa yatsun gefe, ta riƙe numfashinta.

"Auta, yi magana mana," in ji Tela ta cikin ramin.

"Yana nan," ta ce. "Yana bugawa."

Ta ja shi kaɗan a kan jiƙaƙƙen tayil, kansa a kan hannunta, ta zare sakatar. Tela ya shigo a karkace ya danne raunin da ke goshin Baba da wani ƙyalle da ya zaro daga aljihu. Haka ma'aikatan asibiti suka same su, su uku a jiƙe, ƙofa da ƙaton rami a tsakiya.

An yi masa ɗinki a goshi, an ɗaure wuyan hannunsa da ya tsage. Likita ya ce santsi ne ya kwashe shi, ba ciwon ne ya dawo ba, amma za su riƙe shi su ga yadda kan zai yi. Da la'asar ya buɗe ido sosai. Ya daɗe yana kallon silin kafin ya juyo wajenta.

"Wa ya shiga ya ɗauko ni?"

"Ni ce, Baba."

Ya kawar da kai wajen bango. Ta san abin da ke damunsa.

"Tawul na fara rufa maka," ta ce. "Ban ga komai ba sai furfura."

Bai juyo ba, amma ya laluba da hannunsa mai lafiya ya kama nata. Nan ya ji tafin duk ya kumbura, sartse ya cika shi. Ya kira nas ɗin da ke wucewa ya ce ta duba yarinyar nan. Nas ta kawo ɗan hantsaki ta zauna, ta ce Auta ta miƙe hannun ta daina motsi. Auta ta yi iya ƙoƙarinta, hannun ya ƙi tsayawa, sai da nas ɗin ta danne shi a kan gwiwarta sannan ta fara cirewa.