Mundayen Wing-yan

Kwok Shiu-fai ya shigar da ƙara da sunan kamfaninsa na busasshen kifi da ke unguwar Sheung Wan, saboda wani babban otal ya karɓi kaya ya ƙi biya. Lauyoyin otal ko zancen kifi ba su taɓa ba. Suka ce kamfanin Kwok suna ne kawai, in ya sha kaye ba zai iya biyan su kuɗin shari'a ba, don haka ya ajiye jingina a kotu tukuna, ko a dakatar da ƙarar. Wai ƙofar kotu a buɗe take ga kowa. Masu faɗar haka dai ba a taɓa ce musu su turo aljihu a laluba ba.

Lauyarsa, Madam Szeto, ta ce, "Mista Kwok, sai ka rantse a rubuce cewa ba ka da kuɗin, babu kuma mai ba ka. Amma dubi abin da suka tono."

Hoton 'yarsa Wing-yan ne ranar bikinta, mundayen zinariya tun daga wuyan hannu har gwiwa, ragowar an zura a jan zare an rataya mata a wuya.

"Sun ce uban da ya yi wannan ba matsiyaci ba ne."

Kwok ya sunkuyar da kai. "Haya na ɗauko su. Washegari na mayar."

"Madalla! Sai mu rubuta haka."

"Madalla kika ce? Surukaina fa, in suka ji?"

"To, zaɓi ɗaya, ko su ko kifinka."

Tun bayan biki yake gaya wa yarinyar mundayen suna banki, ya adana mata.

Ranar Lahadi a gidan shayi Wing-yan ta riga mijinta zuwa. Ta tsiyaya wa mahaifinta shayi, ta matso kusa.

"Tsoho, sai a bakin Mama zan ji zancen jinginar nan? Kai da taurin kai! Ka ɗauko mundayena ka sayar ka ba kotu. Dama nauyinsu ya kusa tsinke mini hannu."

Ya ƙura wa kofi ido. Mai tura keken abinci ta tsaya, ta gaji ta wuce.

"Gobe mu je bankin tare," in ji ta.

"Babu banki, Yan-yan."

Ta yi dariya, sannan ta dubi fuskarsa da kyau, dariyar ta ɗauke. Daga bakin ƙofa mijinta ya ɗaga musu hannu, iyayensa biyu na biye da shi.