Maratayin Hannun Mai Fenti

Wata uku ke nan da yi wa mai fenti aikin jijiyar kafaɗa, amma har yau hannunsa na dama bai wuce ƙirjinsa ba. Mutumin da ya shekara talatin yana shafe silin ɗin mutane, yanzu hula ma da hagu yake sa ta.

A ɗakin motsa gaɓɓai na asibiti, likitar ta zare masa maratayin hannu, ta tsayar da shi gaban bango. "Baba, hau bangon da yatsu. A hankali."

Yatsun suka rarrafa kamar masu jin tsoro, suka tsaya cak a kan alamar fensir ta makon jiya.

Likitar ta juya ga matarsa, wadda yau ce rakiyarta ta farko. "Mama, tun sati na shida na ce a daina rataye hannun nan. In kafaɗar ta sandare, buroshi sai dai ya gan shi a hannun wasu."

"Ni ce mini ya yi ke kika ce a ci gaba da ratayewa!" in ji matar.

Har suka isa gida bai ɗaga kai ba, maratayin ya koma wuyansa. Ta rufe ƙofar ɗaki.

"Malam, da furfurarka? Me ya kai ka yin ƙarya?"

Ya daɗe yana murza bakin maratayin. "Kullum da safe kina zuwa ki ɗaura mini shi. Ki gyara mini wuyan riga. Minti biyu ne, na ƙirga." Ya kalli hannunta. "Tun da 'yarmu ta rasu, a minti biyun nan kaɗai nake jin hannunki."

Ta cire maratayin daga wuyansa, ta ninke, ta cusa can ƙasan akwati. Ya bi akwatin da kallo.

Sai ta ɗauko allin ɗinkinta daga kan keke.

"Tashi. Fuskanci bango."

Tafinta mai ɗumi ya tallabi gwiwar hannunsa. Ya fara hawa, yana cije leɓe, gumi da hawaye suka haɗu a gemunsa.

"Wash! Ya isa haka."

"Bai isa ba. Sau uku a rana likita ta ce, minti goma goma. Ina nan."

Inda yatsunsa suka tsaya ta ja layi shuɗi.

"Kin ɓata mini fenti," ya ce.

"Ka warke ka shafe abinka."

Ba ta saki gwiwar ba.