Kujerar Gefen Taga

"Baba, ranar tashi kawai za a sauya, ko har da hanya?"

Tsohon malamin ya ɗora hularsa a gwiwa, ya tura wa ma'aikaciyar ofishin sayar da tikiti ambulan ɗin da ya zo da shi. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da labarin ƙasa, yana juya wa yara ƙwallon duniya da yatsa ɗaya, alhali ko ƙofar jirgin sama bai taɓa leƙawa ba. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya rufe ido ya sayi tikitin zagaya duniya guda biyu, nasa da na matarsa, don su bi 'ya'yansu uku da suka watsu a ƙasashe uku. Ita ta zaɓi gefen taga a duk jirage shidan. Ta ce shi ai ya gama ganin duniya a allo, yanzu layinta ne.

Saura wata guda su tashi ta rasu.

"Rana kawai, 'yata. Autarmu ta ce in bari sai ta haihu, nan da wata uku."

Ma'aikaciyar ta shiga danne-danne, tana lissafo masa abin da zai biya: kuɗin sauyi, ƙarin kuɗin mai, harajin filin jirgi da ya tashi tun bayan da ya saya. Kowane tikiti da nasa.

"Man da ban ƙona ba shi ma sai na biya?" in ji shi.

Ta yi dariya. "Haka suke, Baba. Mama fa, ba ta rako ka ba?"

Ya zaro takardar shaidar rasuwa daga aljihun gaba ya ajiye a tebur. Dama abin da ya kawo shi ke nan, babban ɗansa ya nanata masa a waya cewa ya kai takardar a soke nata. Yarinyar ta karanta, dariyar ta ɗauke, ta yi masa gaisuwa a hankali.

"To ai da sauƙi. Da wannan takardar za a maido maka kuɗin nata, kuma a yafe maka na sauyi. Sai dai in cire sunanta yanzu."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Ya gyara tabarau. Ga sunansa, ga nata a ƙasa, ga ranar tafiyar da ke tafe a gabansu.

A gida an riga an gama da ita. An raba kayanta, banki ya rufe asusunta, layin wayarta ya daina shiga. Ƙannenta sun kwashe har tukwane, suka bar masa kofi ɗaya da cokali ɗaya. Nan ne kaɗai ya rage inda aka rubuta su tare, kuma ake jiran su.

Ya jawo takardar, ya ninke, ya mayar aljihu.

"Sauya duka biyun."

"Baba, kuɗin da yawa fa. Kuma in ba ta shiga jirgin farko ba, na'ura za ta soke sauran, a sayar da kujerun. Ko sisi ba za ka samu ba."

"Na ji. Su cire ta da kansu, ba da hannuna ba."

Ya miƙa katin bankinsa, ya danna lambobin yana sane da faɗan da zai sha wurin ɗansa. Ma'aikaciyar ta duba kwamfutar, ta ɗago.

"Jirgin ranar ya kusa cika. Taga ɗaya ta rage."

"A ba ta," in ji shi. "Ita ba ta taɓa gani ba."